Kwana goma a Sebu: lokacin zuwa, abin ci, da wuraren da suka cancanci wahala

"Assalamu alaikum. Ɗana yana karatun likitanci a birnin Sebu na ƙasar Filifin, ni da mahaifiyarsa muna so mu kai masa ziyara, mu yi kamar kwana goma. In ban da Makka da Madina ba mu taɓa zuwa wata ƙasa mai nisa ba. Muna son mu ga gari, mu ɗan huta, amma an ce mana abincinsu duk naman alade ne, kuma guguwa ba ta barinsu. Shin tafiyar ta cancanci kuɗinta? Wane lokaci ya fi, me za mu ci, ina za mu je?" (Wani mai karatu daga Zariya)

Wa alaikumus salam, Alhaji. Tambayarka ta haɗa abu uku: lokaci, abinci da wuraren zuwa, kuma a ƙarƙashinsu akwai tsoron kada a kashe maƙudan kuɗi a je a zauna a ɗakin otal ana cin burodi da shayi. Amsa a taƙaice ita ce tafiyar ta cancanta, kuma abin da aka gaya maka game da alade da guguwa gaskiya ne, sai dai kowannensu yana da hanyar bi. Abin da ya fi ɓata wa baƙi ziyara a Sebu shi ne rashin sanin yadda wurin yake a shimfiɗe. Mutum ya ga hoton farin yashi da shuɗin ruwa, ya ɗauka daga ƙofar otal zai taka zuwa bakin teku, sai ya iske kansa a birni mai cunkoson motoci da tashar jiragen ruwa.

Sunan guda ne, wanda za ka gani a tikiti an rubuta Cebu, amma wurare uku yake nufi. Akwai birnin kansa, mai mutum kusan miliyan ɗaya a ƙidayar 2020, wanda ya haɗe da maƙwabtansa irin su Mandaue da Talisay. Akwai tsibirin Maktan, inda filin jirgin sama da manyan otal-otal na bakin ruwa suke, gada uku ke haɗa shi da babban tsibiri. Sannan akwai sauran lardin, dogon tsibiri siriri mai tsaunuka a tsakiya, inda kyawawan wuraren ruwa suke, tafiyar awa uku zuwa huɗu daga birni. Wanda ya kama masauki guda a tsakiyar birni yana kai da komowa kullum zuwa waɗannan wurare, rabin hutunsa a mota zai ƙare. Wanda ya raba kwanakinsa kashi uku, ya kwana kusa da abin da ya je gani, shi ke dawowa da labari mai daɗi.

Takardu da hanya

Mai fasfon Najeriya sai da biza yake shiga Filifin, kuma ana nemanta a ofishin jakadancinsu da ke Abuja. Bizar baƙo ce ta ɗan lokaci. Za a so ganin fasfo mai sauran aƙalla wata shida, tikitin zuwa da dawowa, shaidar kuɗi a banki, da inda za a sauka. Tunda ɗanka ɗalibi ne a can, wasiƙar gayyata daga gare shi tare da kwafin takardun makarantarsa da bizarsa suna ƙara wa neman ƙarfi. Ka nemi jerin takardun da ake buƙata a yanzu daga ofishin kai tsaye, har da batun takardar tantancewa ta NDLEA da ake nema ga masu zuwa wasu ƙasashen Asiya, domin irin waɗannan ƙa'idoji suna sauyawa. Ka fara da wata biyu ko uku kafin tafiya, kuma kada ka sayi tikitin da ba a iya canza masa rana kafin biza ta fito. Masu fasfon Nijar, Ghana, Kamaru da Chadi suna cikin jerin ƙasashen da ake bari su shiga na kwana 30 ba tare da biza ba, amma su ma sai da tikitin fita.

Abu biyu ake yawan mantawa. Na farko katin allurar shawara, domin ana nemansa ga wanda ya fito daga ƙasar da cutar take. Na biyu rajistar eTravel da ake yi a intanet cikin awa 72 kafin sauka. Kyauta ce, duk shafin da ya nemi kuɗi a kanta na damfara ne.

Babu jirgin da ke tashi daga Najeriya kai tsaye. Ana bi ta Doha ko Dubai, daga nan akwai jiragen da ke sauka a Sebu, ko kuma a bi ta Manila a sake shiga jirgin cikin gida na kamar awa ɗaya da rabi. In da hali ka guji Manila. Tashoshin filin jirginta a rarrabe suke, wani lokaci sai an ɗauki kaya an shiga mota kafin a kai ga na gaba, kuma ga dattawa bayan tafiyar kusan kwana guda wannan azaba ce. In ya zama dole, a bar tazarar awa huɗu ko biyar tsakanin jiragen biyu. Agogonsu yana gaban namu da awa bakwai, don haka kwana biyun farko barci zai rikice, kada a tsara musu wani abu mai nauyi.

Kada Hajiya ta yi wa yaron guzurin kilishi ko dambun nama. Ba a shiga da nama sai da izini, za a ƙwace. Kuma kada ka karɓi saƙon kowa a rufe, ko da na ɗan unguwa ne zuwa ga ɗansa. Dokar miyagun ƙwayoyi a ƙasar tana kai mutum ɗaurin rai da rai. Duk abin da za ka ɗauka ka buɗe ka gani da idonka.

Lokacin da ya fi

Sebu tana kusan layi ɗaya da Kaduna in aka auna nisa daga layin ikwaita da ya raba duniya gida biyu, amma teku ya kewaye ta, saboda haka zafinta ba irin namu ba ne. Ma'aunin zafi yakan tsaya tsakanin 24 da 33, sai dai iskar a jiƙe take, gumi ba ya bushewa, kuma babu hunturu. Daga Janairu zuwa Mayu ruwa yana raguwa, Afrilu da Mayu su ne mafi zafi. Daga Yuni ruwa yake ƙaruwa. Mahaukaciyar guguwa tana iya zuwa kowane lokaci a rabin shekara na biyu, amma waɗanda suka fi yi wa Sebu ɓarna a ƙarshen shekara suke zuwa, lokacin da hanyarsu ke saukowa kudu. Guguwar Haiyan ta daki arewacin tsibirin a Nuwamban 2013, guguwar Odette kuma ta daki birnin da kudancinsa ranar 16 ga Disamban 2021, aka yi makonni babu wuta da ruwa a wurare da dama.

Saboda haka shawarata Fabrairu ko Maris. Ruwa ya yi sauƙi, zafin bai kai ƙarshe ba, teku yakan kwanta, mangwaro ya fara shigowa. A duba kalandar makarantar yaron kada ziyara ta faɗa cikin jarrabawa, a kuma kauce wa makon Ista, domin daga Alhamis zuwa Asabar na makon shaguna da dama a rufe suke, motoci da jiragen ruwa kuma sun cika da masu komawa ƙauye.

Akwai bikin Sinulog, ranar Lahadi ta uku a Janairu, wanda shi ne mafi girma a garin. Ƙungiyoyi ke fitowa da ado mai launi suna rawa, taku biyu gaba ɗaya baya, da ganguna da ƙaho, daga safe har dare. Ya kamata ka san cewa bikin addini ne na Kiristocin Katolika, na girmama mutum-mutumin da suke kira Santo Niño. Ga mai son kallon al'ada abin kallo ne, amma otal kan ninka kuɗi, a rufe tituna, jama'a su yi yawan da ba a iya motsi. Ga ku biyu ban ga amfanin shiga wannan turmutsutsu ba.

Batun abinci

Nan ya kamata mu daɗe, don nan ne damuwar take. Abin alfaharin Sebu a abinci shi ne lechon, wato alade guda da ake gasawa a kan garwashi, kuma za ka gan shi a ko'ina. Wannan ba shi ne matsala ba, tunda ido yana ganinsa. Matsalar ita ce aladen da ba a gani. Ana yanka shi ƙanana a zuba cikin taliyar pancit, cikin miyar ganye, cikin wake. Ana suya da kitsensa. Wainar torta ta garin Argao da kitsen alade ake yinta. Taliyar gidajen abinci na zamani tana ɗauke da yankakken sosej na alade. Siomai, ngohiong, chorizo, chicharon, ginabot da tuslob buwa, duk waɗannan sunaye in ka gan su a allo ka wuce, ko dai alade ne zalla ko ana haɗawa da shi. Mai sayarwa yana iya ce maka abincin ganye ne da zuciya ɗaya, domin a wurinsa ɗan naman da ke ciki kayan ɗanɗano ne, ba nama ba.

Kusan kowa yana jin Turanci, amma kalmomi kaɗan na harshen Bisaya suna kawar da rashin fahimta. Alade baboy ne, kaza manok, naman sa baka, akuya kanding, kifi isda. "Naa bay baboy?" na nufin akwai alade a ciki? "Dili ko mokaon og baboy" na nufin ba na cin alade. Ka ƙara tambayar mantika, wato man da aka yi suya da shi. Ka kuma faɗi cewa kai Musulmi ne, sun san Musulmi, suna da su a ƙasarsu, kuma mafi yawa za su tsaya su gaya maka gaskiya.

Mafita ta farko kifi ne, kuma a nan Sebu ba ta da na biyu. A mazhabar Malikiyya da aka tashi a kanta a ƙasar Hausa duk abin da ke rayuwa a teku halal ne, ba ya buƙatar yanka. Hanyar cin kifi da garin ya shahara da ita ana kiranta sutukil, kuma akwai gidajenta a Maktan kusa da dandalin tunawa da Lapulapu, wani shugaban tsibirin na zamanin da. Za ka tarar da kifi ɗanye a shimfiɗe kan ƙanƙara, ka zaɓa, a auna a kilo, a dafa maka shi kashi uku. Kan kifin da ƙashinsa a yi romo da citta, tumatir, albasa da ganye, wannan shi ne tuwa ko tinowa. Cikin da wutsiyar a gasa a garwashi, shi ne sugba. Tsokar kuma a yanka ƙanana a jiƙa ɗanya cikin ruwan khal da ɗan lemon tsaminsu kalamansi, da citta da barkono, shi ne kilaw. Kifi mai kilo ɗaya da rabi ya ishe ku ku uku tare da shinkafa. Ka nemi kifin da suke kira tangigue ko wanda suke kira lapu-lapu. Ka duba idon kifin ya zama garau, cikin kunnensa ja, tsokarsa in ka danna ta dawo.

Kuskure uku ake yi a nan. Na farko rashin tambayar kuɗi: akwai kuɗin kilo, akwai kuɗin dafawa daban, a yi maganarsu duka kafin wuƙa ta taɓa kifin. Na biyu wayar gashi, wadda sau da yawa ita ce aka gasa alade a kanta, don haka a ce su shimfiɗa ganyen ayaba ko takardar gashi, ko a tsaya ga romo. Na uku sinuglaw, wanda a ido kamar kilaw yake amma an haɗa shi da gasasshen alade. Shi kilaw ɗin kansa ɗanyen kifi ne, tsami ya sauya masa launi amma bai dafa shi ba, wanda cikinsa bai saba ba ya ɗanɗana kaɗan ko ya bari. Haka jatan lande da kaguwa, wanda bai taɓa ci ba ya fara da kaɗan, domin wasu jikinsu ba ya karɓa, sai ƙaiƙayi da kumburi.

Tare da kifin za a kawo puso, shinkafa da aka dafa cikin saƙaƙƙen ganyen kwakwa, kowace kamar dunƙulen hannu, a rataye a igiya. Ana tsaga ta biyu da wuƙa, a ɓare ganyen, a ci da hannu. Shinkafa ce da ruwa kawai, babu mai babu gishiri, kuma da ƙidayar ɓawon da ka tara ake yi maka lissafi. Akwai kuma miyar utan bisaya, ta kabewa, kuɓewa, gauta da zogale, wanda suke kira kamunggay, kuma suna cinsa sosai kamar yadda muke ci. Da soyayyen kifi ko busasshe aka saba yinta, amma a tambaya.

Mafita ta biyu Musulmin garin ne. Musulunci ya riga Kiristanci shiga waɗannan tsibirai, tun ƙarni na 14 a yankin Sulu, kuma yau Musulmi sun kai kusan kashi 6 cikin ɗari na al'ummar ƙasar, galibinsu a yankin Mindanao da ke kudancin ƙasar. A Sebu akwai 'yan kasuwa 'yan ƙabilar Maranao masu sayar da waya, tufafi da lu'ulu'u, kuma inda suke akwai ƙananan gidajen abinci na halal. Ka nemi pater ko pastil, shinkafa da zararren naman kaza a naɗe cikin ganyen ayaba, da piaparan, kaza da aka dafa da kwakwa da kurkur, tare da yajinsu palapa. Wannan ne abincin da ya fi kusa da harshen Bahaushe a duk garin, don yana da yaji, alhali yawancin girkin Filifin zaƙi da tsami da gishiri ne. Akwai kuma gidajen abincin Larabawa da Indiyawa a unguwannin da ɗalibai baƙi suke. Irin waɗannan wurare suna buɗewa suna rufewa, ɗanka da abokansa sun fi kowa sanin wanda ke aiki yanzu.

Game da kaza da naman sa na gidajen abinci na gama-gari, hukuncin yankan mutanen ƙasar Kirista magana ce ta malamai, ka tambayi malaminka kafin tafiya. Ta fuskar aiki dai, abin da ya fi kwantar da hankali shi ne kama gida mai kicin na kwanakin da za ku yi a birni, a sayo kaza mai tambarin halal a babban kanti, Hajiya ta yi girkinta da yajin da ta taho da shi.

Kayan marmari kuwa a ci a more. Mangwaronsu mai launin ruwan ɗorawa ba shi da zare, zaƙinsa kuma ya kai inda ake faɗa. Da safe a gwada puto maya, shinkafa mai danƙo da aka turara da madarar kwakwa da citta, ana cinta da mangwaro da sikwate, wato koko mai kauri na asali. Da rana a sha ruwan ɗanyar kwakwa daga ƙoƙonta. A kiyaye da tuba, giyar kwakwa ce. Ruwan famfo kuma a bar shi, a sha na gora.

Sallah

Alƙibla daga Sebu yamma take, da ɗan karkata zuwa arewa. Wanda ya saba fuskantar gabas tun yana yaro jikinsa zai ja shi can, don haka a duba manhajar alƙibla a waya da zarar an shiga ɗaki. Gari yana wayewa da wuri, asuba kan shiga tun kafin ƙarfe biyar, magariba kuma wajen ƙarfe shida ko kafin haka. Juma'a ranar aiki ce. Akwai masallatai, daga cikinsu Al-Khairiah a unguwar Mambaling, a fita da wuri saboda cunkoso. Ban-ɗakunansu, da ake rubuta wa CR a ƙofa, galibi suna da ruwa, ko mesa ko wani moɗa da suke kira tabo, saboda su ma da ruwa suke tsarki. Duk da haka ƙaramar buta a jaka ba ta da nauyi.

Tsohon gari

Safiya guda ta isa a ga zuciyar birnin da ƙafa, in aka fara ƙarfe takwas kafin rana ta yi zafi. A watan Afrilun 1521 Ferdinand Magellan, ɗan Fotugal da ke jagorantar jiragen Sifaniya, ya iso nan, sarkin wurin Raja Humabon ya karɓe shi ya kuma karɓi addininsa. Ranar 27 ga watan Magellan ya haye Maktan don murƙushe wani shugaba mai suna Lapulapu da ya ƙi miƙa wuya. Ruwan bakin gaɓar bai da zurfi, duwatsun murjani suka hana jiragensa matsowa, bindigoginsu ba su kai ba, mutanensa suka shiga ruwa da ƙafa cikin sulke, aka kashe shi a nan. Za ka ji wasu na cewa Lapulapu Musulmi ne, amma babu rubutacciyar hujja daga zamanin da ta tabbatar da haka. Sifaniyawa suka dawo a 1565 ƙarƙashin Miguel López de Legazpi, suka kafa mazauninsu na farko a nan, suka mulki ƙasar har 1898, sannan Amurka ta karɓa har 1946. Wannan ne ya sa sunayen mutane na Sifaniyanci ne, Turanci kuma ya zama harshen makaranta, abin da ya ja ɗalibanmu zuwa can.

A fara da Fort San Pedro, ƙaramar ganuwa mai kusurwa uku da aka gina da dutsen murjani a bakin tashar ruwa. Kusa da ita akwai reshen gidan tarihi na ƙasa da aka buɗe a 2023 cikin tsohon ginin kwastan, yana da sanyi da wurin zama. Taku kaɗan sai rumfar Gicciyen Magellan da babbar majami'ar Santo Niño. Wurin ibada ne mai rai, cike da masu kunna kyandir, ana iya ganin ginin daga waje a wuce. Daga nan a bi ta titin Colon, wanda ake ɗauka mafi tsufa a ƙasar, zuwa unguwar Parian inda 'yan kasuwar Sin suka zauna.

In wuri ɗaya za a shiga a daɗe, Casa Gorordo ne, gidan attajirai na ƙarni na 19 da aka mayar gidan tarihi. Ƙasansa dutsen murjani ne mai kauri, samansa katako. Dalilin haka girgizar ƙasa: katako yana lanƙwasawa ya dawo, dutse yana tsagewa, don haka aka sa iyali a sama, kaya da keken doki a ƙasa. Tagogin manya ne masu zamewa gefe don iska ta ratsa. Ka lura da faɗin allunan daɓen, da yadda aka haɗa ginshiƙai. Wanda ya san hikimar soron ƙasa da zafi zai gane cewa su ma amsar yanayinsu suka gina.

Kasuwar Carbon ita ce babbar kasuwar gari, ta kayan gwari, furanni da kwanduna. Kasuwar Taboan kuwa ta busasshen kifi ce, musamman danggit, ɗan kifin da ake tsagawa a shanya, a soya ya yi ƙarau. Warin yana kama tufafi, don haka a je da kayan da za a wanke, a ce kuma a like kifin cikin leda mara iska. A waɗannan kasuwanni da Colon a riƙe waya da jaka a gaba. Da yamma a hau Tops a tsaunin Busay, inda ake hango birnin, Maktan da gadar CCLEX mai tsawon kilomita 8.9 da aka buɗe a 2022. Akwai sanyi a can, Hajiya ta riƙe mayafi mai kauri.

Ruwa da hutawa

Kwana biyu ko uku a Moalboal, kamar kilomita 90 kudu maso yamma, su ne za su zama abin tunawa. Ana hawa bas daga tashar kudu, amma ku uku gara a yi shatar mota. A gaɓar Panagsama, 'yan mitoci daga tudu ƙasan teku yake zurmawa, kuma a daidai nan dubban dubatan ƙananan kifin sadin suke taruwa suna juyawa tare. Ba a buƙatar jirgi. Wanda bai iya ruwa ba ya sa rigar da ke hana nitsewa da gilashin ido, ɗan jagora ya ja shi da taya. A shiga da sassafe, kafin jama'a da rana. Kada a taka murjani, yana yanka ƙafa kuma takawar tana kashe shi. Matan Filifin da yawa da riga da wando suke shiga ruwa, don haka mace mai cikakkiyar sutura ba za ta zama abin kallo ba, sai dai yadin ya zama mara nauyi wanda ba ya shan ruwa.

Kusa da nan akwai magangarar ruwa ta Kawasan a Badian. A je a ga ruwan, amma tsallen da matasa ke yi daga duwatsu cikin kwazazzabo ba na dattawa ba ne, kuma bayan ruwan sama mai ƙarfi kada kowa ya shiga, ambaliya daga tsauni ba ta sallama. Za a yi ta tallata muku Oslob, inda ake iyo da wasu manyan kifaye masu ɗigo-ɗigo da ake kira whale shark. Ni ba na ba da shawararsa. Sai an tashi tsakar dare, a yi dogon layi don minti talatin, kuma ciyar da su ake yi don su zauna, abin da masana halittun ruwa suka daɗe suna kuka da shi domin yana sauya musu ɗabi'a.

In kwanaki sun ragu, tsibirin Bohol yana nan, awa biyu a jirgin ruwa mai gudu zuwa Tagbilaran. Can ne tuddan Chocolate Hills fiye da 1,200 suke, da tarsier, ɗan dabba mai manyan idanu da bai wuce tafin hannu ba, wanda ba a yi masa hayaniya ko hasken kyamara. A kwana ɗaya a can, zuwa da dawowa a yini guda gajiya ce kawai. A sani cewa da zarar hukumar yanayi PAGASA ta ɗaga gargaɗin guguwa ana dakatar da jiragen ruwa, saboda haka kada a sa ƙetare teku a kwana biyun ƙarshe.

Zirga-zirga, kuɗi da lafiya

A cikin gari manhajar Grab ta fi sauƙi, kuɗin yana fitowa kafin a shiga. In tasi ce a tabbatar an kunna mita. Jeepney, motar haya mai benci biyu, tana da arha ƙwarai, ana miƙa kuɗi hannu zuwa hannu har ga direba, mai sauka ya ce "lugar lang". A gwada sau ɗaya tare da yaron. Acaɓarsu, habal-habal, a bar wa matasa. Daga ƙarfe bakwai zuwa tara na safe da biyar zuwa takwas na yamma tituna a cushe suke.

Kuɗinsu peso ne. A tafi da dala sababbi marasa yagewa ko rubutu, a canza kaɗan a filin jirgi, sauran a wuraren canji na manyan kantuna kamar Ayala ko SM. Abin da ya haura dala 10,000 sai an bayyana shi. Na'urar cire kuɗi tana cajin katin waje ƙarin kuɗi a kowane cirewa. A riƙe ƙananan kuɗi don kasuwa. Layin waya na Globe ko Smart ana saye a filin jirgi, a yi rajista da fasfo. Soket ɗinsu na baki biyu ne masu faɗi, filoginmu mai baki uku ba ya shiga sai da adafta.

Sauron Sebu ba na maleriya ba ne, na zazzaɓin dengi ne, kuma da rana yake cizo. A shafa maganin sauro safe da yamma. In zazzaɓi ya zo kada a ɗauka maleriya ce a sha maganin da aka saba, kada kuma a sha asfirin ko ibuprofen, domin suna ƙara haɗarin zubar jini in dengi ne. A sha farasitamol a tafi asibiti a yi gwaji, a kuma gaya wa likita an fito daga Najeriya don ya duba maleriyar ma, tunda ana iya tahowa da ita. Akwai manyan asibitoci masu zaman kansu irin su Chong Hua, amma suna da tsada, inshorar tafiya tana da amfani. Masu hawan jini ko ciwon suga su tafi da maganin da zai wuce kwanakin, cikin kwalinsa, da takardar likita. Cizon kare ko yagar kyanwa a kai shi asibiti a ranar.

Mutanen suna da fara'a da girmama manya. Za a kalle ku, yara ma su nemi hoto, galibi son sani ne. Abin da ba sa yafewa shi ne a ɗaga musu murya a gaban jama'a. In an yi maka ba daidai ba a otal ko kanti, ka ja mutum gefe ka yi magana a hankali, za ka fi samun biyan buƙata. Ɗaga gira a wurinsu na nufin e. "Salamat" ita ce na gode.

Tsarin kwanakin zai iya zama huɗu a birni tare da yaron, har da Juma'a, ɗaya ko biyu a Bohol in ƙarfi ya bari, uku a Moalboal, sannan daren ƙarshe a Maktan. Wannan daren na ƙarshe kada a yi wasa da shi. Tsakanin birni da filin jirgi bai wuce kilomita 15 ba, amma in gadoji suka cushe tafiyar minti talatin tana komawa awa ɗaya da rabi, kuma jirgin ƙasa da ƙasa yana so a iso awa uku kafin tashi. Busasshen mangwaro da danggit na tsaraba a saye su tun kafin a bar birni, a sa su a babbar jakar da za a auna, kifin a naɗe shi leda biyu.